Ɗigon Jan Farce a Gindin Kwalba

Wata rana Malama Ladidi ta je duba 'yarta Rumasa'u a Tudun Wadan Zariya. Haihuwa ta biyu ce, kwana ashirin da uku ke nan tana jego.

Ta zauna ta karɓi jaririya tana mata wasa. Rumasa'u ta zubo kunu, ta miƙa hannu ta ɗauko zuma za ta saka.

Zumar tana cikin wata kwalba mai ruwan ƙasa, mai kauri, mai murfin gilashi.

Malama Ladidi ta kafe kwalbar da ido.

Ku tsaya in gaya muku ko wace ce wannan mata, don ku gane.

Shekara ashirin da shida ta yi tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta. Da ta yi ritaya sai ta buɗe shago. Tana sayen kayan lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na hannu daga makarantun da suka rufe da asibitocin da suka sabunta kaya, ta wanke, ta gyara, ta sayar wa ƙananan makarantun da ba su da ƙarfin sayen sababbi. Su bututun gwaji, kofunan awo, ma'auni, har madubin duba ƙwayoyin cuta.

Matar nan akwai tsantseni, har ya so ya yi yawa. Ba ta taɓa kaya ba safar hannu. Gilashi in ya tsage ko kaɗan, ba ta sayarwa.

Amma babbar dokarta ita ce wannan: duk kwalbar da ta taɓa ɗaukar guba, irin sinadarin dalma ko zaiba, ko wadda takardar jikinta ta goge ba a san me aka zuba mata ba, to ta gama aiki a duniya. Sai ta ja mata ƙaton layi a jiki da jan farce. Sannan ta kifa ta, ta ɗiga ɗigo ɗaya a cikin kwarmin gindi, saboda na jiki yakan goge a hanya.

Wannan ɗigon ba wanda ya san da shi sai ita.

To wa ke kwasar waɗannan kwalabe ya kai Kaduna inda ake lalata irinsu?

Tanimu. Ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta tsaya har ya samu akori-kurar da yake dakon kaya da ita. Duk wata uku zai zo ya loda kwalaye, ya ce, an gama Yaya. Ba ta taɓa cewa ya kawo mata shaida ba. Shaidar me? Tanimu ne fa!

Mu koma ɗakin mai jego.

Malama Ladidi ta ajiye jaririya a hankali. Ta karɓi kwalbar daga hannun 'yarta, ta danne murfin, ta kifa ta.

Jikin kwalba fes, an kankare shi tas.

Amma a cikin kwarmin gindi, ga ɗan jan ɗigo nan yana kallonta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe tun ranar suna Rumasa'u ke shan zumar nan, kullum safe. Mijinta ne ya sayo wajen wani dattijo mai zuma a bakin kasuwa, har yana yaba kyan kwalbar.

Ko kunun ba ta bari an sha ba. Ta tura su asibiti, ita kuma ta wuce wajen mai zuma. Bawan Allah, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya ce wani mai shuɗiyar akori-kura ne ya kawo masa guda arba'in, ya rantse masa kwalaben turare ne daga waje.

Shuɗiyar akori-kura. Ta Tanimu ke nan.

Ta same shi a tasha, zaune a bencin mai shayi, kofi a hannu, ana ta hira. Ta dire kwalbar a gabansa.

"Tanimu, ka san wannan?"

Ya dube ta, ya dubi kwalbar, ya yi 'yar dariyar yaƙe.

"Haba Yaya, ai na wanke su. Omo da ruwan zafi, har sau uku. Ba komai a ciki wallahi, ke ce dai kika cika tsoro."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki cokalin mai shayi, ta ciko shi da zumar, ta kai masa har baki.

"To bismillah. Sha."

Tanimu ya kau da kai.

"Sha mana. Ba ka ce ka wanke ba?"

Ya datse baki, ya ja baya har ya kusa faɗowa daga benci.

"Kai cokali ɗaya ya gagare ka," in ji ta. "Rumasa'u kwana goma sha shida tana sha, tana shayar da jaririya."

Kofin ya suɓuce daga hannunsa.

Jama'a, abin da ya ƙona ran Malama Ladidi ke nan, kuma ni ma shi ya ƙona min rai. Da jahilci ne, da ya sha. Da ya sha, wallahi da ta yafe masa a wurin. Amma ya sani sarai. Ya dai ɗauka cikin wasu za ta shiga, mutanen da bai san fuskarsu ba.

Likita ya hana Rumasa'u ba da nono sai sakamakon jini ya fito. Kwana tara jaririya na tsala kuka a kan madarar gwangwani, uwa na kuka, kaka na jijjiga ta tana jin kamar ita ta zuba musu da hannunta.

Allah Ya taƙaita. An samu gubar a jinin uwar, amma bai yi nisa ba, aka ɗora ta a kan magani. Jaririya ta tsira.

Malama Ladidi ta rufe shago sati uku. Ita da dattijon nan suka riƙa bin gidajen masu sayen zumarsa, ɗaya bayan ɗaya, tana ba da haƙuri, tana karɓar kwalba, tana cewa a je a gwada jini. Wasu sun gode, wasu sun zage ta tas, ta haɗiye.

Sun samo talatin da ɗaya.

Tanimu ya zo ban haƙuri da manyan dangi. Ta ce masa ba ta tsine masa ba, kuma ba za ta tsine ba. Amma kada ya ƙara taka ƙofarta sai da sauran taran a hannunsa.

Shekara biyu ke nan bai dawo ba.

Yanzu da kanta take raka kwalayenta Kaduna, ta tsaya sai an farfasa su a gabanta. Kuma duk gidan da ta shiga, biki ko gaisuwa, kafin ta zauna sai idonta ya zagaye saman kantar ɗaki da bayan ƙofa, tana neman kwalba mai ruwan ƙasa.

Darasi: Abin da ba za ka iya kai wa bakinka ba, kada ka sayar wa bakin wani, don ba ka san gidan da zai kwana ba. Kuma kwalbar da ta fito daga lab ba ta zuma ba ce, ba ta mai ba ce, ba ta yaji ba ce, ko an wanke ta sau ɗari.

Kafin ki wuce, ki leƙa kicin ɗinki, ki kifa kwalabenki ki duba. Sannan ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, don Allah. Wata uwar tana can tana ɗiban zuma da safe, ba ta sani ba.