Bindigar da Baffa Ya Goge Wa Hukuma

Jiya tsuntsayen jan-baki suka taso daga cikin ciyawar kacala suka rufe mini shinkafa a fadama, ina tsaye ina kaɗa gwangwani kamar mahaukaci. Nan na tuna Baffa, ƙanen mahaifina, da tsohuwar bindigarsa ta toka.

Bai taɓa zuba mata harsashi ba. Albarushi kawai yake ɗura mata ya harba sama, tsuntsaye su watse, warin hayaƙin ya yini a rigarsa. Yakan ce, "Wannan ba ta kisa, tsawa take yi."

Shekarar da hukuma ta ce kowa ya miƙa bindigarsa, na same shi a zaure yana goge ta da man gyaɗa.

Na ce, "Baffa, karɓewa fa za su yi. Gyaran na mene ne?"

Ya ce, "Ɗana, ba a kai wa hukuma abu da tsatsa."

Ya naɗe ta a sabon zane ya kai ofishinsu a Haɗeja. A gabansa aka jefa ta kan tarin ƙarafa a fili, ruwan sama na dukanta. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake yi da ita. Masu tare hanya da manyan bindigogi kuwa, har yau ba su kai nasu ba.

Baffa ya koma kaɗa gwangwani har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa zagin kowa ba. Ni ne mai zagin, ni da gwangwanin ya zama gadona.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba mu shugabannin da za su tambaya kafin su karɓa.