Tagullar Gidan Inna Obia

A garin Ugep, yarinyar da za ta shiga jerin 'yan mata ranar Leboku, bikin sabuwar doya, sai ta fara zama a kan turmin Inna Obia. Ita ce ke naɗa musu mundayen tagullar nan masu murɗewa daga idon sawu har ƙasan gwiwa. Mai kallo sai ya ɗauka wasa ne. Amma ƙarfen nauyi gare shi, kuma idan mai naɗi ta yi ganganci wajen shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, kafin yarinya ta zagaya dandali fatar ƙwaurinta ta saluɓe.

Shekara arba'in da ɗoriya tana wannan aiki, hannu da taushi, baki kuwa sai addu'a. "Miƙe ƙafa, malalaciya! Haka za ki fita gaban gari kamar kazar da ruwa ya ba kashi?" 'Yan mata na tsoronta, iyayensu kuma ba sa kai su wurin kowa sai ita. Wadda ta kawo mata doya ta karɓa, wadda ta zo hannu rabbana ta sha faɗa ta tashi da ƙafa a naɗe.

Ita ma tana da nata mundayen, gadon uwa da kaka. Sai dai maza huɗu ta haifa, babu mace, kuma a al'adar Ugep kowa ya san gona ta dangin uba ce, abin da ake ɗauka a hannu kuwa tsatson uwa yake bi. Jikarta Lekam, wadda take riƙo tun rasuwar uwarta, 'yar ɗanta ce, don haka ba ta da haƙƙi a tagullar. Duk da haka tsohuwa ta yi mata alkawari, don so ya rufe mata ido.

Bana ce kaɗai ta rage wa Lekam, an sa aurenta bayan girbi. Wata uku tana ɗaura ƙunshin yashi a ƙafa in za ta rafi, don ta saba da nauyi. Ta dirje mundayen da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido.

Ana saura kwana biyu, sai ga Wofai, 'yar ƙanwar Inna Obia, ta sauka daga Kalaba da budurwar 'yarta Womi.

"Inna, na kawo miki jikarki. Bana ita za ta sa tagullar gidanmu."

"Yanzu kika tuna kuna da gida? Wannan da ko tulu ba ta taɓa ɗauka ba?"

"Ko ba ta ɗauka ba, jininmu ce, Inna. Ko ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ƙona ran tsohuwa ke nan. Ta zaga unguwa neman aro, amma a jajibirin Leboku wa ke da tagullar da ba a riga an yi mata ƙafa ba? Ta dawo ta faɗa wa Lekam da bakinta cewa Womi ce za ta sa tagullar, ba ta aika kowa ba. Yarinyar ta ɗauko mundayen ta ajiye a gabanta. Inna Obia ta so a ce ma zaginta ta yi.

Ranar biki da safe Womi ta hau turmi. Tsohuwa ta naɗa ƙafar dama, tana yi tana hutawa, don bana yatsunta sun fara gardama. Da ta kama ta hagu sai ƙarfe ya ƙi lanƙwasuwa a hannunta. Ga ganguna sun fara tashi daga dandali. Mutum ɗaya ce a gidan ta san aikin, wadda ta girma tana yaga mata tsumma tana kallon hannunta.

"Lekam, zo ki kama mini."

"Ni, Kaka?"

"Akwai wata Lekam ne a gidan nan?"

Wofai ta yi caraf: "Inna, wannan za ki ba ƙafar 'yata? Wadda aka ƙwace wa?"

Gaskiya ita ma Inna Obia gabanta ya faɗi. Fallen tsumma ɗaya za a rage, babu idon da zai gani, kafin rana ta take Womi ta dawo a goye tana jini. Kuma wa zai ga laifin mai ɗacin rai? Amma ta matsa gefe.

Lekam ta durƙusa, hawaye na ɗiga a kan tagullar da ta goge da hannunta. Ta naɗa, ta miƙe, ta shige ɗaki. Ba ta je kallo ba.

Womi ta zagaya dandali da ƙyar, tana haki, mata na guɗa. Da la'asar aka dawo da ita kan turmi, gida cike da ƙamshin sakwarar sabuwar doya, maƙwabta sun taru. Inna Obia ta fara kwance tagullar ƙafar hagu. Fata lafiya lau, ko ja ba ta yi ba. Tsumma falle huɗu ta ƙirga, ita kuwa uku take sawa. Da ta kwance ta dama, wadda ta naɗa da kanta, sai ga bororo ya fashe a idon sawu.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon ciwon, kunya da alfahari suna kokawa a ƙirjinta. Can ta ɗaga ƙafar yarinyar sama don kowa ya gani.

"Ku duba da kyau, wannan aikina ne. Waccan kuwa aikin Lekam." Ta juya wajen ƙofar ɗaki. "Fito, 'yar nan. Tagulla tasu ce, su ɗauka. Abin da yake nawa ni kaɗai, ashe kin riga kin gaje shi."