Matatar Man Da Ta Sa Na Kira Dattijo Ɓarawo

A lokacin da wannan abu ya faru, ni malamar asibiti ce a Tasawa, uwar yara uku, ban daɗe da fita takaba ba. Na rubuto wa mujallar nan ne don abin ya ƙi barin zuciyata, kuma ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa. Mijina, Allah ya jiƙansa, bai bar gidaje ko gonaki ba. Abin da ya bari mai daraja shi ne wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai keta rairayi, wadda ta faɗa rabon ƴaƴana nake riƙe musu. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake zuwa ƙauyenmu can bayan Korgom duba mahaifiyata. Sai dai mutuwar miji ta sauya mini hali. Cikin ƴan watanni na ga waɗanda suka sha cin tuwo a gidanmu suna miƙa hannu ga abin marayu, daga nan na daina yarda da kowa. Ko mai kayan miya ya yi mini gyara, sai na tsaya tunanin abin da yake nema a wurina.

Akwai wani dattijo makanike, aminin mijina, mai garaji a ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da tasha. Tun ranar da aka sayi motar shi kaɗai ke taɓa ta. Ina ce masa Baba, shi kuma ya ce mini ɗiyata. Bayan rasuwar ya ci gaba da kula da motar kamar mai ita yana raye. Duk ranar da na dawo daga ƙauye sai ya sa na biya ta wurinsa, ya kakkaɓe ƙurar da injin ya shaƙa, ya kara wani dogon ƙarfe a jikin injin ya sa kunnensa a ɗaya bakin yana saurare. Yakan yi bidanji, wato juyen baƙin mai, tun kafin lokacin da littafin motar ya faɗa ya cika. In na tambaya sai ya ce waɗanda suka rubuta littafin ba su taɓa bin hanyar Korgom ba. Ba ya ba da takarda, ba ya dogon bayani. A zamanin mijina ana ganin wannan amana ce, ni kuwa da idon da nake kallon duniya a lokacin, sai na fara ganin rufa-rufa.

Ƙanena ne ya hura wutar. Ma'aikacin ofis ne a Maradi, irin mutanen nan da ba su ƙare magana ba tare da sun tsoma Faransanci ba. Ya ce mini makanikan bakin hanya ba abin da suke so irin motar mace, musamman wadda ba miji a kanta, don sai su dinga zare kayan asali ɗaya bayan ɗaya suna maye gurbinsu da na kasuwa, kafin shekara ta zagayo sai dai a bar ta da gwangwani. Maganar ta zauna mini daram. Da lokacin bidanji ya zo, na ɗauki jan farce na ɗiga a jikin matatar baƙin mai kafin in kai motar. Da na karɓo na leƙa, ba ɗigo, sabuwa ce fil aka saka. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ce a raina ai tsohon wayo gare shi, ya ga alamar ne ya goge. Wanda ya riga ya yanke hukunci, ko gaskiya ya gani sai ya mai da ita shaidar laifi, haka nake a wancan lokacin.

Ƙanena ya matsa sai in kai motar wurin kamfanin da ke shigo da irinta, inda a cewarsa na'ura ke faɗin gaskiya ba kunnen tsoho ba. Ban gaya wa Baba ba muka tafi ni da ƙanena. Wurin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Aka zaunar da ni a ɗaki mai sanyi, aka ba ni ruwa, ana ta ce mini madam. Amma ba su bar ni na shiga inda ake aikin ba, ta gilashi kawai nake hangen motar, har can ma sai na ji zuciyata tana raya mini ko su ma wani abin suke ƙullawa. Gaskiya sun yi aiki mai kyau, don sun gano takalman birki sun ci, sun sauya. Daga baya wani matashin ma'aikacinsu ya fito da wata ƴar roba mai kama da ƙaramin kofi a hannunsa. Ya ce matatar isansi ce, wato fetur, da wani ya ƙara a kan bututun man, ba ta kamfani ba ce, irin ta kasuwa ce mai arha, kuma dokarsu ba ta yarda su bar baƙon abu a mota ba, don haka sun cire. Bai ce an saci komai ba. Ni ma ban tambaye shi amfaninta ba. Ƙanena ya dube ni ya ce duk inda aka ga an saka wani abu to an cire wani, ni kuwa abin da nake son ji ke nan.

Washegari ranar kasuwar Tasawa ce. Da hantsi, tasha ta cika maƙil, direbobin ƙauyuka sun jera motocinsu a garajin Baba ana jiran layi, na iso da ƴar robar a hannu. Ko gaisuwa ban yi ba. Na jefa masa ita a gabansa na ce ga abin da aka ciro daga motar amininsa, na ce ashe wanda muke kira uba shi ke cin dukiyar marayu, na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Na ɗaga murya yadda har masu sayar da rake suka matso. Ya sunkuya ya ɗauki robar, ya ce in zauna ya yi mini bayani. Na ce bayanin ɓarawo ba na bukatarsa. Ba zan manta yadda ya tsaya ba, hannuwansa duk baƙin mai, mutum mai furfura a gaban waɗanda ya girme wa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne in kiyayi man kwalba daga yau. Na ɗauka baƙar magana ce, na ja motata ina jin na ƙwato wa ƴaƴana haƙƙinsu.

Duk mai bin ƙauyukanmu ya san ba gidan mai a can. In isansi ya ƙare, na kwalba ake saye a bakin hanya, kuma ba a rasa ƙasa ko ɗan ruwa a ciki. Ba a yi wata biyu ba, ina dawowa daga wurin mahaifiyata da tsakar rana, motar ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu ta mutu a cikin rairayi. Sai da aka samo shanun amalanke suka ja ta, ina biye a ƙasa takalmi a hannu, har wurin wani makanike a Kona. Da ya buɗe ya ga fanfon mai ya toshe da laka, ya shafa bututun ya ga tabon inda aka cire wani abu, sai ya tambaye ni ina matatar da ke nan. Ya ce duk motar da ke shan man kwalba sai an ƙara mata wannan ƴar roba, ita ke tare dattin kafin ya kai ga ta asali, in ta cika a jefar a sa wata. Ya nuna mini ta kamfanin tana nan a mazauninta, ba wanda ya taɓa ta. Ya ƙara da cewa wanda ya yi wannan aikin yana son mai motar. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, na ji kunya ta rufe ni.

Da na koma Tasawa na nufi garajin, sai na tarar da mai faci a wurin. Ashe tun ranar da na yi abin da na yi maganar ta bi motocin kasuwa ta shiga ƙauyuka. Aka daina cewa garajin gindin bedi, aka koma cewa garajin mai cin kayan marayu. Direbobi suka janye ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma sai su tsaya a kansa suna ƙirga ƙusoshin da ya kwance. Dattijon bai iya jure wannan kallon ba, ya tattara kayan aikinsa ya koma wurin danginsa a Mayahi. Can na same shi a wata rumfa yana gyaran injin niƙa. Na durƙusa ina kuka na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, saboda wanda ke kwance a kabari. Ya ce mijina da kansa ya sa aka ƙara matatar. Amma ya roƙe ni abu ɗaya: tunda a gaban jama'a na faɗa, in koma gaban jama'ar in warware.

Na koma ranar kasuwa, na tsaya a daidai inda na tsaya da farko, na faɗi gaskiya da ƙarfi. Ranar zagi an yi cincirindo, ranar wankewa kuwa ko mutum biyar ba su tsaya ba. Ina juyawa na ji wani direba yana ce wa ɗan'uwansa ai dama an san za a rina, dangin tsohon ne suka je suka ba ta baki. Irin zargin da na shuka ne ya tsiro, har ni mai shukar ba a yarda da ni ba. Baba bai dawo Tasawa ba har yau.

Masu karatu, ban ce kamfani ba shi da amfani ba. Suna da na'ura da kayan asali, kuma birkin da suka gyara mini ya yi kyau. Amma littafinsu suke bi, makaniken garinku kuwa hanyar da kuke bi da man da kuke sha ya sani. A cikin makanikai akwai macuta, ban musa ba. Sai dai in kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku buɗe baki, ku kuma tambaya a keɓe. Magana zarar bunu ce. Motar ƴaƴana an gyara ta cikin kwana biyu, har yanzu tana tafiya. Mutumin da ya kula da ita don Allah kuwa, ni na kore shi daga garin da ya tsufa a ciki, kuma duk ranar da na wuce ta gindin bedin nan sai na kau da kai.