Ranar da Muka Tura Motar da Ba Ta Mutu Ba

Gyara zama ki rubuta, jikata, kuma yadda na faɗa za ki sa, ban da kwaskwarima. Labarin aminina ne, bakaniken nan da ake ce wa Kunne.

Shekara arba'in shagona na kafinta yana jingine da garejinsa. Bai san ko bihim a takarda ba, kamar ni, amma in mota ta shigo layinmu, tun ba ta tsaya ba zai leƙo daga ƙarƙashin wata ya ce, "Waccan fulogi ɗaya ba ya ci." A buɗe, a tarar haka ne. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma ta bango. Da kunnen nan ya ciyar da 'ya'ya shida, har gwiwa ta ce masa ya isa, ya bar garejin.

Autarsa kiwon kaji take, tana kai ƙwai shaguna. Bara ta sayo 'yar ƙaramar a-kori-kura mai kujeru gaba da baya, irin sababbin nan da ke tafiya da fetur kuma su tafi da batir. Dillalin ya ba ta kwana bakwai, in ba ta yi mata ba ta mayar. Son motar take kamar ta goya ta, sai dai tun tana ƙarama ba ta taɓa tsallake maganar ubanta a kan ƙarfe ba. In ya ce a mayar, mayarwa za ta yi, ko da hawaye.

Rana ta biyu ta same mu a benci.

"Baba, zo ka ji mini ita. Baffa, kai ma shigo baya."

Muka shiga, kiret-kiret na ƙwai a ɗaure a bodi. Tafiya lafiya lau, har danja ta tsayar da mu. Tana taka burki sai injin ya yi tsit.

Kunne ya ce, "Ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Baba. Hutawa take."

"Mota ba ta hutu a tsakiyar titi. Kafinta, sauka mu tura."

Kafin ta sake buɗe baki mun sauka. Ni ma ai ban yi gardama ba, motocin da na tura masa a duniya sun fi gashin kaina. Muka kafa kafaɗa a bayanta. Danja ta ba da hannu, na baya suka dame mu da oda, yarinya ta rasa yadda za ta yi, ta ɗaga ƙafa daga burki. Sai motar ta sulale abinta, ko tari ba ta yi ba. Ni da na saki nauyina duka a kanta, sai ga ni durƙushe a kwalta, hulata ta yi gaba. Shi kuwa ya riƙe bodi yana ɗingishi yana cewa, "Sa mata giya biyu," alhali motar ba ta da giyar hannu. Wani mai faci a gefen titi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ƙwai ko ɗaya bai fashe ba.

Muka koma gida. Da muka sauka Kunne ya ce, "Abin da ba na jin numfashinsa, ba zan ce miki lafiyarsa ƙalau ba. Mayar musu."

Ta ajiye makulli a benci, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Mutumina, motar ce ba ta da lafiya, ko kunne ne ya gamu da gamonsa?"

"Wanda ya yi rarrafe a titi har yana da bakin magana?"

"Wa ya sa ni?"

Ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya tura mata. "Kwana nawa suka rage?"

"Biyar, Baba."

"Gobe ki biyo ta nan."

Tun daga ranar duk inda za ta kai ƙwai yana gefenta, gilas a sauke, kai a karkace. Ya dawo ya ce mini in injin ya yi barci akwai wani siririn kuka kamar na sauro, shi ne batir ke ja. In an taka burki kuma wani ne daban, wai a nan take cika batirinta.

Rana ta shida ya ce akwai abin da ke ƙyas-ƙyas a baya ta hagu. Ita ba ta ji komai ba. Suka je wurin dillalin, aka jona wa motar kwamfuta, kwamfuta ta ce garau. Kunne ya nemi kwali ya shimfiɗa, ya kwanta da gwiwar nan tasa, ya miƙa yatsa. Noti ne ya saki a jikin kwanon da ke rufe salansa. Babban bakaniken wurin da kansa ya ɗaure shi, ya kuma kama hannunsa ya tashe shi.

Ya kakkaɓe riga ya ce da 'yarsa, "Yanzu na san muryarta. Riƙe abarki."

Wata tara ke nan, ban da juyen mai ba abin da aka yi mata. Gidan mai ma sai ta ga dama take leƙawa. Jiya na tambaye shi lafiyar motar, ya taɓe baki ya ce, "Ƙalau. Aibinta ɗaya, ba ta da zumunci. Ba ta neman kowa."