Kakana, Raƙumin Kamfani

Shekara tara! Yau shekara tara cif da rasuwar kakana, Malam Ummaru na garin Isa, amma wallahi jama'a sai makon jiya na san ko wane ne mutumin nan da na tashi gindinsa ina cinye mashi gyaɗa. Ku bari in gaya maku yadda anka yi, don tun da na dawo daga gida abin ke cina.

Ni ban yi dogon karatu ba, ɗan rubutun da na iya a jaridu da waya na tsince shi. Aiki nake a wani kamfanin sayar da taki da maganin gona a Sakkwato. To kwanaki na tafi suna Sabon Birni, ana zaune ana cin tuwo, sai gardama ta tashi kan tsadar taki, ni kuwa na shiga kare kamfaninmu ba ji ba gani. Abokina Bashiru ya aje cokali ya ce, "Ku ƙyale shi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jikan raƙumin kamfani na!" Samari sunka yi dariya. Abin da ya fi ƙona mani rai, har dattawan da ke gefe sai da sunka murmusa. Ashe suna ne da kowa ya sani, ni kaɗai anka ɓoye wa.

Sai na shiga bincike. Kalmar dai daga "raƙumi da akala" ta fito, wato wanda ake ja duk inda anka ga dama. Amma a wajenmu ba kowa ake gaya wa ita ba, sai ma'aikaci. Kuma na lura ta sha bamban da ɗan kanzagi. Ɗan kanzagi yabon oga yake don ya samu wani abu. Raƙumin kamfani ba ya yabon kowa, ba ya sata, ba ya makara. Kaya ne ake aza mashi, ya tashi ya kai, bai taɓa waigawa ya ga mi ke cikin taiki ba. Wani lokaci kalmar zagi ce, wani lokaci tausayi. Na ji wata mata ta ce da ɗanta mai aikin banki, "Allah sarki raƙumin kamfani, ko Sallah ba a ganinka." Ita ba zagi take ba.

Shi kuwa kakana zaginsa anka yi. A shekarun babban farin nan, tun ba a haifi babana ba, shi ke riƙe da makullin siton wani kamfanin auduga. Sito cike da angurya, wato 'ya'yan auduga, wadda anka aje don shuka. Ciyawa ta ƙare, tafkuna sun tsage, shanu na faɗuwa a bakin hanya. Makiyaya sunka yi ta zuwa daga Tozai, daga Kurawa, suna roƙon ya ba su angurya su ba dabbobi. Shi kuwa amsarsa guda: "Manaja ya ce kada a buɗe." Daga nan sunan ya bi shi.

Na yi rantsuwa sai na wanke sunan nan. Na hau mashin na tafi Kurawa wurin Baffa Manu, wani tsohon Bafulatani da anka ce da shi anka yi roƙon. Na iske shi yana tufkar igiya, na gaishe shi, na faɗi ko jikan wa nake.

"Ummaru mai sito?" ya ce. "Kai, yaro, kakanka na da taurin kai! Kwana huɗu muna ƙofar siton nan, babana har rawaninsa ya cire ya aje gabansa. Bai buɗe ba. Na zage shi ran nan, kuma ban janye ba, don shanunmu da yawa yunwa ta kashe."

Sai ya ci gaba da tufka, can ya ce, "Amma fa akwai wani sito can gaba, mai gadinsa ya ji tausayi ya buɗe. Ashe anguryar shuka an cuɗe ta da maganin ƙwari. Duk wanda ya ba shanunsa, kafin kwana biyu garke ya kwanta. Mu da Ummaru ya kora, 'yan shanun da sunka rage muna su ne asalin waɗanga da kake gani."

Jama'a, ban san sadda na rungume tsohon nan ba! Na juyo Isa a guje, har na shirya abin da za ni gaya wa Bashiru gaban mutane. Na faɗa ɗakin kakata Hajo ina haki, na kwashe labari na gaya mata, na ce ashe Malam ya san akwai guba, shi ya sa ya hana.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Angona, zauna kada ka faɗi. Wa ya ce maka ya sani?"

"To in bai sani ba, mi ya hana shi buɗewa?"

"An ce kada ya buɗe. Buhuna a ɗinke suke zuwa, rubutun da ke jikinsu na Turanci ne, shi kuwa ajami ya iya da lissafi. Bai sani ba, bai ko tambaya ba."

Ta ce ranar da labarin wancan sito ya iso, mutane sunka fara zuwa yi mashi barka, wasu har da kaji. Ya maida kajin. Kwana uku bai ci tuwo ba. Da ta matsa mashi, sai ya ce, "Hajo, da cewa anka yi in raba, da na raba. Da hannuna za ni kashe shanun ƙasar nan, kuma in kwana ina ganin na yi aikina." Ya hana kowa a gidan faɗin cewa ya ceci shanu. Sunan kuwa ya ce a bar mashi, nasa ne.

Sai a lokacin na gane wani halinsa da ke gundurarmu muna yara. Malam ba ya karɓar komai sai ya ce "don mi?" Ma'aikacin asibiti ya ba shi ƙwaya, don mi? Mai unguwa ya ce a fito gayya, don mi? Mu mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Yanzu nakan zauna ina tunanin mi zai ce da zamanin nan namu. Shi aƙalla ya san fuskar manajansa. Mu saƙo ne ke shigo mana ta waya, wai umarni daga sama, babu wanda ya san ina ne saman, kuma yau kusan kowane gida akwai irinmu. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya rubuta takardar neman aiki ya fi sau ashirin kafin ya samu, tambaya na yi mashi nauyi a baki. Ni shaida ne.

Ban wanke sunan ba. Hujjar na hannuna, Baffa Manu na raye, amma mai sunan da kansa ya ƙi wankin, ni wa nake? Bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne ya samu yabo har ƙofar gida, ya duba ya ga ba nasa ba ne, ya maida. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Ku kuma masu karatu, mi ake ce wa irin wannan ma'aikaci a garinku? Kuma don Allah ku gaya mani gaskiya: ranar da kunka bi umarni abin ya yi kyau, kun san dalili, ko ku ma sa'a kunka taka?