Kitso a Bakin Itace

Wata safiyar Laraba ce cikin daminar 1971, muna jere a filin makaranta ana duba mana farce, sai hedimasta ya ce kowa ya kwashi kayansa ya koma gida. Kafin azahar an fitar da bencina an shimfiɗa tabarmi a azuzuwa, domin cutar amai da gudawa ta shigo ƙauyenmu na gefen Sandamu, mu kuwa ba mu da asibiti. Yara ba hankali, murna muka yi. Muka koma carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida. In an taho da mara lafiya a amalanken shanu sai mu matsa, su wuce, mu ci gaba da wasanmu.

Ba a jima ba aka wuce da Yaya Hajara makarantar. Ita ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kiran sunanta, sai dai "waccan", kuma kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta je jinya ba. Kaka ce ta ɗauki buta da tabarma ta bi ta. Malamin asibitin da aka turo daga Daura ya ce majinyata su yi ta shan ruwa, amma sai tafasasshe. To ga damina, daji ya jiƙe sharkaf, kowace mace ta ɓoye ɗan busasshen itacenta a ƙarƙashin rumbu tana lallaɓa shi. Rediyon Baba kullum zancen arzikin man fetur yake yi, mu ko kananzir na fitila sai an sha wuya. Duk ranar da wuta ta mutu a makaranta, ɗanyen ruwan rijiya ake ba su.

Inna makitsiya ce, irin wadda ake wa layi in salla ta matso. Sai ta aika gida-gida cewa ta daina karɓar ladan kitso, mai so ta zo da ƙullin busasshen itace "na mutanen makaranta". Haka take faɗa, kowa kuwa ya san wa take nufi. Mata suka fara zuwa, har da waɗanda kitsonsu bai tsufa ba, su tsefe shi da gangan don su sami dalilin fitowa da itacen da suka ɓoye. Tun hantsi Inna na zaune ƙarƙashin darbejiya da man shanu a ɗan kasko, wannan shuku, waccan doka, har yatsunta suka kumbura. Da la'asar Baba ya ɗora itacen a jaki ya kai.

Rannan Inna tana tsakiyar kan Ladi matar maƙeri, rabi a kitse rabi a tsefe, sai Baba ya shigo tun lokacin dawowarsa bai yi ba. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Sai haƙuri. Hajara lokaci ya yi." Ladi ta saki salati ta yunƙura za ta tashi. Inna ta dafe mata kai ta ce, "Zauna, ai kin kawo itacenki." Ta lakato mai ta ci gaba da tsaga, layi bayan layi, har ta ɗaure na ƙarshe. Ni ina zaune da duwatsun carafke a hannu, ban ji komai a raina ba. Abin da na tuna kawai shi ne yunwa nake ji, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Daga makaranta aka wuce da Yaya maƙabarta, ba a kawo ta gida ba, ba a kuma yi zaman makoki ba saboda an hana taro. Washegari aka wayi gari da itace jibge a ƙofarmu, masu shi sun ajiye sun tafi. Inna ta sa aka nemo su ɗaya bayan ɗaya ta yi musu kitsonsu, haka har cutar ta lafa aka wanke azuzuwa aka mayar da bencina.

Lokacin korona jikata ta nuna mini a waya yadda masu sana'a ke cewa za su yi aiki kyauta in an taimaki marasa lafiya. Abu ne mai kyau, sai dai ba wanda ke ɗora kansa a cinyar wani. Makarantarmu tana nan, an yi mata sabon kwano, can na koma na gama firamare. Har yau ban tambayi kowa a wane aji Yaya ta cika ba.