Yadda aka daddaɓe garkar babana

Shekara biyu kafin babban yaƙin nasara aka kawo mana wani nasara mai kula da aikin hanya. Lokacin ina da mata da ɗiya guda, muna zaune kusa da Tama, kuma duk abin da gidanmu ke ci da rani daga garkar albasar babana yake fitowa, can cikin fadama.

Mai yi wa nasaran fassara wani tsohon soja ne, mutumin Azarori, wanda ya taɓa zuwa ƙasarsu. Shi ya gaya mana garin nasaran a bakin teku yake. A can, in ji shi, ana rufe hanyoyin gari a yi tseren moto, wato babur, in an gama manya su tafi wani fili mai ɗanyar ciyawa suna dukan farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Golf suke ce wa wasan. Muka yi dariya. Ba mu san kewar garinsu a kanmu za ta ƙare ba.

Nasaran yana da moto, abokinsa na Madawa ma yana da ita. Suka shirya tsere tsakaninsu har zuwa Buza. Aka kwashe mu kwana tara muna tsince duwatsu a hanya, muna cike ramuka da hannu, ba don ayari ba, ba don marar lafiya ba, don mutum biyu su yi wasa.

Ran kwana na bakwai nasaran ya sauko fadama yana neman wuri mai kore. Ya tsaya a bakin garkar babana, ya nuna da sanda.

Babana ya ce wa tsohon sojan, “Malam, gaya mishi saura kwana ashirin in cire albasar ga. Shi bari in cire, in ya so shi yi rawa bisa wurin.”

Tsohon sojan ya fassara, ya saurara, sannan ya sunkuyar da kai. “Baba, ya ce jibi abokinshi ka zuwa.”

“To mi za mu ci?”

Wannan bai fassara ba.

Mu aka sa muka rushe komayen, wato fangalin albasar. Ni da ƙanena da maƙwabta, da hauyoyinmu, gardi biyu, dogaran nasara, tsaye a kanmu. Albasar ba ta ƙosa ba, ƙanana kamar goro, warinta ya cika fadama. Aka sa mata suka zubo ruwa, muka daddaɓe ƙasar da ƙafa da taɓarya har ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, aka haƙa ramuka uku aka kafa tsumma a kan kara. Babana yana zaune a gindin rijiya yana kallo. Ko ɗigon hawaye ban ga ya yi ba.

Ranar tseren aka jera mu a bakin hanya, aka ce mu yi tafi. Na Madawa ya wuce kamar an jefa shi. Namu ya zo ƙorama, yashi ya riƙe moton, ya faɗi ya tashi yana zagi. Mu huɗu muka ɗauki moton a kafaɗa muka ƙetare da ita, ƙarfen da ke fitar da hayaƙi ya ƙone ni a wuya.

Bayan azahar nasaran da abokinsa suka sauko garkar da sandunansu. Dukan farko ƙwallon ta yi tsalle a kan busasshiyar ƙasa ta shige ƙaya. Duka na biyu ta faɗa rijiyar babana. Aka ce in shiga in ɗauko.

Na shiga. Ruwan iya ƙugu ne, kuma ƙafata ta taɓa ta nan take. Na danna ta cikin laka da diddige, na ƙara dannawa, na ɗaga kai na ce, “Babu ta.”

Gardi ya leƙo ya ce, “Duba dai da kyau.”

“Na ce maka babu. In kana so, sauko.”

Bulala shida na sha da na fito. Su kuwa ba su kai la'asar ba suka ce ƙasar ba ta da kyau, suka hau motocinsu suka tafi shan giya. Abin da aka kashe mana rani guda dominsa ke nan.

Shekarar nan muka sayar da awaki biyu, ƙanena ya tafi cin rani bai dawo ba sai bayan damina uku. Babana bai sake taka garkar ba, ko hanyar da ta bi ta gefenta ba ya bi. Ni na koma ni kaɗai da sanyi na gaba, ina fasa ƙasar da muka daddaɓe da ƙafafunmu, kuma sai da na karya ƙotar hauya biyu kafin ta yarda ta sha ruwa.